Idan kwastoma ta dawo da ƙorafi: Abin da ya kamata sabuwar mai gyaran farce ta sani

Sana'ar gyaran farce ta zamani na ƙara samun gindin zama a biranen Arewa. A Kano da Kaduna da Jos da Abuja, shagunan gyaran gashi da na kwalliyar amare da dama sun ware teburi da kujera domin wannan aiki, yayin da wasu 'yan mata ke bin kwastomomi har gida da jakar kayan aikinsu. Da yawa daga cikinsu sun koyi aikin ne cikin 'yan watanni, a hannun wata uwar ɗaki ko a cibiyar koyar da sana'o'i, inda aka nuna musu yadda ake gyara farce da shafa jel da gina farcen roba. Abin da ba a cika zaunar da su a koya musu ba shi ne yadda za su yi ranar da kwastoma ta dawo rai a ɓace, tana miƙo yatsu tana cewa an cuce ta.

Wannan rana kuwa babu mai sana'ar da ke tsallake ta. Tsohuwar hannu tana da kwastomomin shekara da shekaru da za su shaide ta, ita kuwa wadda aka yaye jiya ba ta da wani jari da ya wuce sunanta. A sana'ar da ciniki ke zuwa ta hanyar "wa ya yi miki wannan?", mace ɗaya da ta fita da ɓacin rai tana iya janye ƙawayenta da 'yan uwanta da matan gidan bikin da za ta halarta. Sannan akwai abin da ya fi ciniki muhimmanci. Wani ƙorafin alama ce ta ciwon da ke buƙatar likita, kuma jinkiri ko gardama a kansa na iya jawo wa kwastoma lahani mai daɗewa.

Ƙorafi ba iri ɗaya ba ne

Matakin farko shi ne mai gyaran farce ta gane wane irin kuka aka kawo mata, domin kowanne da maganinsa.

Akwai ƙorafin son rai, inda aikin bai lalace ba amma bai kwanta wa mai shi ba. Launi bai fito kamar na hoton da ta nuna a waya ba, ko tsayin ya yi yawa, ko tsinin bai yi mata ba. Sau da yawa hoton waya ya sha gyara da haske, kuma launin da ya haska a wani hannu yana iya dushewa a wani, kamar yadda faɗin farcen kowa ya bambanta.

Akwai ƙorafin kuɗi, wanda yakan taso idan ba a yanke farashi tun farko ba, aka ƙara zane ko duwatsun ado, sai a ƙarshe kwastoma ta ji adadin da ba ta zata ba.

Akwai ƙorafin inganci: farcen ya ɗago daga gindi, ko ya tsage, ko jel ya fara ɓarewa kafin lokaci. Na ƙarshe kuma mafi nauyi shi ne ƙorafin lafiya, wato kumburi da ƙaiƙayi da zogi da canjin launin farcen asali.

Sababbin shiga sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wasu kan musanta komai domin kare kansu, wasu kuma tsoro kan sa su mayar da kuɗi tun kafin su kalli hannun. Ta farko tana korar kwastoma, ta biyu tana karya jarinta, kuma dukansu ba su gano abin da ya lalace ba, balle su hana shi sake faruwa.

Mintunan farko

Yadda aka karɓi mai ƙorafi a mintunan farko yakan yanke inda maganar za ta ƙare. Idan akwai wasu kwastomomi a shago, ya fi kyau a ja ta gefe a ba ta wurin zama, domin mai fushi a gaban jama'a ba ta son a ga ta sauko, haka ma wadda ake yi wa faɗan. A bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta ba tare da katse ta ba. Mutum yakan sassauta idan ya tabbatar an ji shi, kuma a cikin maganar tata ne za a tsinci ranar da abin ya fara da yatsan da ya fara da shi.

Hausa ta sauƙaƙa wa mai sana'a wannan mataki, domin "sannu" da "ki yi haƙuri" ba amsa laifi ba ne, nuna damuwa ne da halin da mutum ke ciki. Ana iya cewa, "Sannu Hajiya, ki yi haƙuri. Zauna in duba hannun." Ko kuma ga wadda ta ɗan girme ta, "Anti, ban ji daɗin ganin haka ba, bari mu ga abin da ya faru." Abin da ya kamata a guje wa shi ne irin su "ai ke kika jawo" da "ba a taɓa kawo mini ƙara ba". Ko da gaskiya ne, faɗinsa a wannan lokaci ƙara wa wuta fetur ne.

Bayan haka sai a wanke hannu, a duba yatsun ɗaya bayan ɗaya a wuri mai haske, a nemi izinin ɗaukar hoto. Tambayoyin da za su biyo baya su zama na neman sani: yaushe ya fara, shin ya bugu da wani abu, an yi wanki ko wanke-wanke mai yawa, an shafa wani abu a kai, an yi ƙoƙarin cire shi a gida?

Wadda ke aiki a ƙarƙashin wata ba ta da hurumin yin alƙawarin mayar da kuɗi kafin ta sanar da mai shago. Ya kamata tun ranar kama aiki su fahimci juna a kan wa ke yanke hukunci idan ƙorafi ya zo, da kuma wa zai ɗauki asarar idan kuskuren ma'aikaciya ne.

Abin da farcen ke nunawa

Farce yakan ba da shaida ga wanda ya iya karanta shi. Jel da aka yi shi da kyau yakan kai mako biyu zuwa uku, farcen akirilik kuma ana komawa a cike gindinsa bayan kamar wannan tsawon lokaci, saboda farcen asali na ci gaba da tsiro a ƙarƙashinsa.

Idan aiki ya ɗago daga gindi cikin kwana biyu ko uku, kuma a yatsu da dama lokaci guda, galibi matsalar daga shiri ne. Wataƙila an bar siririyar fatar da ke manne a saman farce, ko ba a share maiƙo da ƙura sosai ba, ko kayan sun taɓa fatar gefe. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ya dace ta amsa shi ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai kuma matsalar busarwa. Jel ba ya bushewa da iska, hasken fitila ne ke daskarar da shi, kuma kowane kamfani yana rubuta irin fitilar da kayansa ke buƙata da adadin daƙiƙoƙi, galibi 30 zuwa 60 a fitilar LED, ko kamar minti biyu a tsohuwar fitilar UV. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko an shafa jel da kauri, ko fitilar ta tsufa, ko ba ta dace da kayan ba, saman zai yi tauri alhali cikin bai nuna ba. Irin wannan aiki yakan yamutse ko ya ɓare da wuri, kuma kamar yadda za a gani a gaba, yana da haɗari ga fata.

Idan kuwa farce ɗaya ne ya karye a tsakiya bayan kwana goma ko fiye, sauran tara na nan daram, alamu sun fi karkata ga buguwa ko amfani da shi wajen ɓalle murfi da kankare tukunya. Jiƙa hannu na tsawon lokaci a ruwan wanki mai ƙarfi yana rage kwanan aikin, haka ma bushewar hunturu tana sa farcen asali ya yi saurin tsagewa. A nan ana iya yi wa kwastoma bayani cikin ladabi, a nuna mata bambancin yatsan da ya karye da sauran.

Wani ƙorafin da ake yawan ji shi ne zafi a cikin fitila. Daskarewar jel tana fitar da ɗumi, amma idan zafin ya kai ga kwastoma ta fizge hannu, ko dai an shafa da kauri, ko an goge farcen asali har ya yi siriri. Ja-ja da ake gani a saman farce bayan an cire aiki shaida ce ta yawan gugar magagari ko injin guga. Wannan ba ya gyaruwa da shafe-shafe, sai dai a jira sabo ya tsiro. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki kusan wata shida kafin ya sauya gaba ɗaya. Na ƙafa yakan kai shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi. Faɗa wa kwastoma wannan gaskiya ya fi yi mata alƙawarin warkewa cikin mako guda.

Inda magana ta koma ta asibiti

Mai gyaran farce ba likita ba ce, kuma sanin iyakarta na cikin ƙwarewarta. Akwai alamun da idan ta gan su, aikinta shi ne ta dakatar da kwalliya ta tura kwastoma asibiti.

Na farko shi ne borin fata. Kayan jel da akirilik na ɗauke da sinadaran da ake kira metakirilet, kuma wanda ya fi yin suna wajen tayar da fata shi ne HEMA. Idan ɗanyen jel ya riƙa taɓa fata, ko aka bar shi bai daskare sosai ba, jiki na iya ƙin sinadarin. Alamun sukan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku: ƙaiƙayi da ja da ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen farce, wani lokaci farcen ya rabu da naman da ke ƙarƙashinsa. Suna iya fitowa har a fatar ido da wuya, wuraren da yatsu ke yawan taɓawa. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar wannan matsala, domin jikin da ya ƙi sinadarin yakan ci gaba da ƙin sa har abada, kuma ana amfani da danginsa wajen ciko a haƙori da dashen gaɓoɓi. Tun 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga masu sana'a kaɗai, sannan daga 1 ga Satumba, 2025 ta haramta wani sinadarin jel mai suna TPO a kayan kwalliya. Waɗannan dokoki ba su hau kan kasuwannin Najeriya ba, don haka karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba ya rage ga mai saye.

A shirin amare akwai abin lura. Sau da yawa ana yin farce da zanen baƙin lalle a rana ɗaya, kuma baƙin da ake haɗawa da dayis yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda shi ma sananne ne wajen tayar da fata. Idan kumburin ya bi layin zanen, zargi ya fi karkata ga dayis, idan kuma ya tsaya a zagayen farce, ga kayan farce. Likitan fata ne kaɗai zai iya tantancewa ta hanyar gwaji.

Na biyu shi ne kore-koren da ke bayyana a ƙarƙashin farcen roba. Mutane da yawa na ɗaukarsa ruɓewa, amma galibi wata bakteriya ce mai suna Pseudomonas da ke yaɗuwa inda danshi ya maƙale tsakanin farcen da ya ɗago da na asali. Kuskure mafi muni shi ne a rufe wurin da sabon aiki domin kada a gani. Abin yi shi ne a cire roban a hankali, a bar farcen a buɗe kuma a bushe, tabon zai fita yayin da farce ke tsiro. Idan da zogi ko farcen ya rabu da nama, sai asibiti.

Na uku shi ne kumburin gefen farce mai zafi da bugawa, wani lokaci da mugunya, wanda kan biyo bayan yanka ko yawan datse fatar gindi. Ba a matse shi ko a huda shi a shago, kuma mai gyara ba ta rubuta wa kowa maganin sha. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin rauni ne a ƙafarta, ya kamata likita ya gani a ranar, domin ciwon ƙafar mai suga yana saurin ta'azzara.

Akwai kuma ruwan akirilik mai arha da ake haɗawa da MMA. Tun shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kan kayan farce masu wannan sinadari zalla, bayan ƙorafe-ƙorafen lahani. Ana gane shi da wari mai hawa kai, da taurin da ya wuce kima, da wuyar narkewa a asiton. Saboda taurin nasa, idan yatsa ya bugu, maimakon roban ya karye sai ya tafi da farcen asali. Sabuwar mai sana'a da ke neman kaya masu sauƙin kuɗi ita ce ta fi shiga wannan tarko. Ya kamata ta nemi kayan da aka rubuta sinadaransu da ranar lalacewarsu, ta kuma tuna cewa kayan kwalliya na cikin abubuwan da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista.

Tsafta ita ce shaidar farko

Idan aka zargi shago da sa wa mutum cuta, abin da za a fara dubawa shi ne yadda ake tsaftace kayan aiki. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai, don haka almakashi ko abin datse fata da ya taɓa jini ba ya tsarkaka da gogewa da auduga kawai. Ana wanke kayan ƙarfe da sabulu da buroshi, sannan a jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikinsa, ko a sa su a tukunyar tururi irin ta asibiti. Ƙaramin akwatin nan mai shuɗin haske da ake gani a shaguna wurin ajiya ne, ba ya maye gurbin wannan. Magagarin takarda da soson guga kuwa ba sa wankuwa, na mutum ɗaya ne.

Robar wanke ƙafa ma tana da nata tarihin. A shekarar 2000, fiye da mutum 100 da suka je wani shagon gyaran farce guda ɗaya a jihar Kalifoniya ta Amurka sun kamu da maruru masu wuyar warkewa a ƙafafu. Bincike ya gano ƙwayoyin cutar a matatun bahon jiƙa ƙafa, inda gashi da dattin fata suka taru, kuma waɗanda suka aske ƙafa kafin zuwa sun fi kamuwa. Mai sana'ar da ke tsaftace kayanta a gaban kwastoma ta riga ta amsa rabin tambayar da za a yi mata gobe.

Abin da doka ta tanada

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta shafi masu yin aiki a biya su kamar yadda ta shafi masu sayar da kaya. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 130 na dokar ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, kuma da ingancin da mai hankali zai yi tsammani. Idan aka gaza, yana da damar neman a gyara aibin, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da girman gazawar.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Rubuta "ba a mayar da kuɗi" a bango ba ya kankare haƙƙin kwastoma idan aikin ne ya lalace. Haka kuma abin da sashen ya ɗora haƙƙin a kansa shi ne gazawar aiki, don haka wadda ta zaɓi launi da kanta, aka yi mata shi daidai, ta je gida ta sauya ra'ayi, tana neman alfarma ne. Bayan hukumar tarayya, wasu jihohi, ciki har da Kano da Legas, suna da nasu hukumomin kare haƙƙin masu saye da ake kai wa ƙara.

Gyara, ragi ko mayar da kuɗi

Idan kuskuren daga shago ne kuma farcen asali lafiya yake, gyara kyauta cikin gaggawa shi ne mafita mafi kyau ga kowa. Idan kwastoma ta ƙi yarda a sake taɓa hannunta, sai a cire mata aikin kyauta a mayar da kuɗi gwargwadon abin da ya lalace. A ce aikin na Naira 10,000 ne, yatsu biyu suka ɗago cikin goma, mayar da Naira 2,000 zuwa 3,000 ko gyara su kyauta abu ne da mai adalci zai karɓa. Idan duka suka ɓare washegari, ko aikin ya jawo rauni, mayar da kuɗin gaba ɗaya ya fi dacewa, tare da bibiyar lafiyarta bayan ta ga likita.

Idan ba a iya tantance mai laifi ba, raba asara yakan kashe magana, misali a gyara a karɓi kuɗin kaya kaɗai. Idan kuwa a fili yake cewa daga wurin kwastoma ne, ana iya tsayawa a kan farashin gyara cikin mutunci: "Hajiya, wannan buguwa ce, ga inda ya tsage. Zan gyara miki shi yanzu a kan kuɗin yatsa ɗaya." Duk abin da aka amince a kai, a rubuta shi a saƙon waya domin kowa ya riƙe shaida.

Kwastoma mai wuyar sha'ani

Akwai wadda ba gyara take nema ba. Tana iya zuwa bayan an gama biki ta ce aikin bai yi ba, ko ta yi barazanar fallasa shagon a Facebook da TikTok idan ba a biya ta ba. Barazana ba ta sauya abin da ya dace a yi. A gabatar mata da mafitar da ta yi daidai da abin da aka gani a hannunta, a maimaita sau ɗaya cikin natsuwa, a tsaya a nan. Idan magana ta koma zagi ko ɓarnar kaya, a kira mai shago ko wani babba a unguwa ya shiga tsakani. Mai sana'a na da damar ta ce ba za ta sake karɓar aikin wannan kwastoma ba.

Idan ƙorafin ya riga ya fita a shafukan sada zumunta, amsa ɗaya gajeriya ta wadatar: an ga saƙon, ba a ji daɗin abin da ya faru ba, ana gayyatarta a warware shi. Wallafa hirarrakin waya ko hoton kwastoma domin ramuwa yana zubar da mutuncin shago a idon masu kallo, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Gudu zuwa ofishin 'yan sanda a kan ƙorafin kwastoma ma ba ya cika haifar da ɗa mai ido. A watan Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin da ta saya ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta, daga baya aka gurfanar da ita a kotu. Abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin, labarin kuma ya kai har kafafen yaɗa labaran ƙasashen waje. Idan babban kamfani ya ji jiki a irin wannan hanya, ƙaramin shago ba shi da ƙarfin ɗaukarta.

Batun alwala da cirewa

A Arewa akwai wani tushen ƙorafi da ba a cika samunsa a littattafan koyar da sana'ar ba. Malamai sun yi bayanin cewa abin da ya hana ruwa isa ga farce, kamar jan farce da jel da farcen roba, yana hana ingancin alwala da wanka, saɓanin lalle da ke rina farce ba tare da toshe shi ba. Saboda haka mata Musulmi da dama kan yi wannan kwalliya ne a kwanakin da ba sa sallah, su buƙaci cire ta cikin mako guda ko ƙasa da haka.

Matsalar takan zo ne wajen cirewa. Jel na buƙatar jiƙawa a asiton na minti 10 zuwa 15, akirilik kuma ya fi haka daɗewa. Wadda ba a faɗa mata ba takan ɓamɓare shi da haƙori ko reza, ya tafi da saman farcenta, sannan ta dawo tana cewa kayan shagon ne suka cinye mata farce. Tambaya ɗaya kafin a fara aiki, wato kwana nawa take so ya yi, tana rufe wannan ƙofa. Mai buƙatar kwana uku ko huɗu an fi kyautata mata da jan farce na yau da kullum, ko farcen da ake mannawa a cire cikin sauƙi. Idan ta nace a kan jel ko akirilik, sai a haɗa kuɗin cirewa a cikin farashi a sa mata rana.

Rigakafi

Mafi yawan rigingimu ana kashe su ne a minti biyar na farkon zama. A tambayi kwastoma ko fatarta ta taɓa tashi bayan kwalliya, ko tana da ciwon suga, da irin aikin da take yi da hannunta. A faɗi farashi gaba ɗaya kafin a buɗe kwalba, kowane ƙari kuma a faɗi kuɗinsa kafin a yi shi. A gwada launi da tsayi a yatsa ɗaya a nuna mata kafin a ci gaba. A sanar da ita kwanakin da shago ke gyara kyauta idan aiki ya ɗago, da abubuwan da wannan alƙawari bai shafa ba.

Ƙaramin littafi na da amfani ƙwarai: suna da rana da kayan da aka yi amfani da su da kuɗin da aka biya, tare da hoton hannun kafin aiki da bayansa idan ta amince. Ranar gardama shi ne mai shaida. Bayan 'yan watanni kuma shi zai nuna wa mai sana'a inda rauninta yake. Idan ƙorafe-ƙorafen ɗagowa sun taru a kan kwalba ɗaya, kayan ne abin zargi. Idan sun taru a ranakun jajiberin sallah da bukukuwa, gaggawa ce. Idan a babban yatsa suke yawan faruwa, wataƙila hasken fitila ba ya isa gare shi, sai a riƙa busar da shi shi kaɗai.

Sabuwar mai gyaran farce da ta rasa bakin zaren wani ƙorafi ba ta yi abin kunya ba idan ta ɗauki hoto, da izinin mai hannun, ta kai wa wadda ta koya mata aiki. Ana iya ce wa kwastoma a ba da zuwa gobe a duba lamarin, matuƙar za a cika alƙawarin kiran. Idan kuwa da kumburi ko mugunya ko zogi, ba a jiran gobe, a ranar ake tura ta asibiti.